Aikin Baya na Ƙaramin Yanka: Kafin Ka Sayar da Filin Nan

Tambaya: Likita, shekaruna 44, ina sayar da yadi a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi a nan Kaduna. Shekara uku ke nan ina fama da ciwon baya. Na sha maganin basir har na gaji, an yi min ƙaho, na sha na kemis. Watan jiya na yi hoton MRI, aka rubuta wai faifai ya zame a L4/L5. Wani mai haɗa wa mutane tafiya Indiya ya ce akwai aikin leza da ba a yanka mutum, a yi da safe ka tashi da yamma. Ina da fili a Rigasa, ina tunanin sayarwa. Da gaske akwai wannan aiki, kuma zai raba ni da ciwon?

Amsa: Malam, sannu, Allah ya ba ka lafiya. Aikin baya na ƙaramin yanka akwai shi, kuma a hannun wanda ya ƙware aiki ne mai kyau. Amma ka adana takardar filinka tukuna. Akwai abin da ba ka faɗa ba a tambayarka, kuma da ofishina ka shigo shi zan fara tambaya tun kafin in taɓa hoton: ciwon nan a kwankwaso ya tsaya, ko yana gangarawa ƙafa? Idan yana gangarawa, ina yake kaiwa, ɗuwawu, bayan cinya, ko har ya wuce gwiwa ya isa sha-raɓa da yatsu? Kuma da za a ce ka zaɓi wanda za a cire maka yau, na baya ko na ƙafa, wanne za ka nuna?

Dalilin wannan tambaya shi ne, galibin ayyukan da muke yi a ƙasan baya, ƙafa muke yi wa magani. Bari in yi maka bayani.

Ƙasan bayanka ƙasusuwa biyar ne a jere, su ne likitoci ke ƙirgawa daga L1 zuwa L5. Tsakanin kowane biyu akwai matashi na guringuntsi, shi ake ce wa faifai. Gefensa tauri gare shi kamar gefen taya, cikinsa kuwa laushi kamar ɓargo. A bayan faifan nan jijiyoyin da ke sauka ƙafa suke bi. Idan gefen ya tsage, ɓargon ciki ya ɓullo ya danne jijiya, sai mutum ya ji wani irin ciwo kamar an jona masa wayar lantarki daga ɗuwawu har ƙafa, ga mutuwar jiki ko jin kamar kiyashi na yawo a yatsu. Tari ko atishawa kan tsananta shi, zama a mota kan tsananta shi. Mafi yawan wannan matsala a wurare biyu na can ƙasa take faruwa, L4/L5 da L5/S1 (S1 shi ne ƙashin da ke ƙarƙashin L5), don su ke ɗauke da nauyin jiki. Kalmar "zamewa" ma tana ruɗar mutane. Faifan a manne yake da ƙashi sama da ƙasa, ba ya sulluɓewa ya bar wurinsa, don haka babu wani maɗori da zai danna shi da gwiwa ya mayar da shi.

Aikin da ake yi shi ne a shiga a cire ɗan guntun da ya ɓullo, a sakar wa jijiya mara. Ciwon ƙafa kan tafi, sau da yawa tun mutum yana farfaɗowa daga allurar barci. Na sha ganin wanda aka shigo da shi a kan keken marasa lafiya, washegari yana taka baranda yana tambayar ina ƙafar da ta hana shi barci wata uku. Ciwon kwankwason kuwa wani lokaci ya ragu, wani lokaci yana nan daram, don ba jijiyar da aka saki ba ce ke kawo shi. Duk likitan da ya yi maka alkawarin cire guntun faifai zai kawar da ciwon baya na shekara uku, alhali ƙafarka lafiya lau, ka nemi wani ya sake duba ka.

Sai maganar takardar hoton, wadda na san ita ta tayar maka da hankali. A 2015 wasu masana a Amurka sun tattara binciken hotunan mutane sama da 3,000 waɗanda ba su da ciwon baya ko kaɗan. Cikin 'yan shekara 20, kusan 30 cikin 100 faifansu ya ɗan turo. Cikin masu shekara 40, kusan rabi. Cikin masu 80, sun haura 80 cikin 100. Wato da zan kwashi maƙwabtanka na layin 'yan yadi in jera su a na'urar, rabin tsararrakinka za su fito da takarda irin taka, suna kuma ɗaga bandir ɗin shadda ba ko gezau. Turowar faifai a shekarunka kamar furfura ce. Abin da muke dubawa shi ne ko abin da hoto ya nuna ya dace da abin da jiki ke faɗa. Idan jijiyar L5 ta hagu ce a danne, ya kamata ciwo ya bi gefen ƙafar hagu ya hau bayan ƙafa ya kai babban yatsa, wataƙila kuma yatsan ya rage ƙarfin ɗagawa. In hoto ya nuna hagu, kai kuma dama ke damunka, ko ƙafar ba ta damunka sam, to mun kama wanda bai ji ba bai gani ba.

Yanzu in zo kan ainihin abin da ka tambaya, wato mene ne wannan ƙaramin yanka.

Tun 1934 likitoci biyu a Boston ta Amurka, Mixter da Barr, suka nuna cewa fashewar faifai ce ke jawo ciwon da ke sauka ƙafa, kuma cire shi na warkarwa. A da ana yanka mai tsawo, a ɓanɓare tsokar baya daga jikin ƙashi, a buɗe sosai don ido ya gani. Wannan ɓanɓarar tsoka ita ke sa jinya ta yi tsawo. A 1977 Yasargil da Caspar, kowa a nasa ɓangaren a Turai, suka shigo da madubin ƙara girma cikin aikin, yankan ya dawo kamar santimita 2 zuwa 3. Har gobe wannan shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi. A 1997 aka fito da hanyar bututu: a huda fata, a zura siririn ƙarfe, a riƙa ɗora masu ɗan kauri a kansa ɗaya bayan ɗaya, suna raba zaren tsoka ba tare da an yanke shi ba, har a kafa bututu mai faɗin kusan santimita 2, a yi aiki ta cikinsa. Sai kuma na kyamara, wanda shi ake yawan tallatawa yanzu. Bututunsa bai wuce kaurin biro ba, milimita 7 zuwa 8, da kyamara da fitila a bakinsa, ruwa na wanke wurin, likita na kallon allo yana ciro guntun da ɗan ƙaramin hantsaki. Wani lokaci ko allurar barci ba a yi, kashe wurin kawai ake yi, mara lafiya na magana da likita ana aiki. Ɗinki ɗaya ko biyu, a manna filasta.

Ka lura da abu guda: duk hanyoyin nan huɗu, abin da ake yi a ciki ɗaya ne, cire abin da ya danne jijiya. Ƙofar shiga ce ta bambanta. Ƙaramar ƙofa tana da amfani na gaske, ba na raina ta. Jini kaɗan ake zubarwa, ciwon wurin yanka kaɗan ne, mutum kan taka a ranar ko washegari, kwana ɗaya ko biyu a sallame shi, kuma haɗarin rauni ya yi ruwa ya fi ƙanƙanta. Ga mai ƙiba sosai ko mai ciwon suga, wannan ba ƙaramar riba ba ce. Amma idan aka waiwayo bayan shekara guda, sakamakon kusan ɗaya ne. A ƙasar Holan an gwada hanyar bututu da ta madubi a kan ɗaruruwan marasa lafiya, aka buga sakamakon a 2009, bututun bai fi ba. A 2022 can dai aka gwada na kyamara da na madubi, aka samu na kyamara bai gaza ba, har ya ɗan fi a wasu ma'aunai, amma ba da tazarar da mara lafiya zai ji a jikinsa sosai ba. Saboda haka in ka samu likitan da ya yi aikin madubi sau ɗaruruwa, da wani da ya sayi na'urar kyamara bara, ni dai da bayana ne, na farkon zan miƙa wa. Aikin kyamara yana da wuyar koyo, kuma a farkon koyonsa aka fi barin guntu a ciki ko taɓa jijiya.

Batun leza kuwa, kalmar tana da daɗin talla. Akwai wata hanya tun shekarun 1980 da ake soka allura cikin faifai a ƙona ɗan ɓargon ciki da hasken leza, da fatan turowar za ta janye. Ba ta cire guntun da ya riga ya fito ya faɗa kan jijiya, ba ta sassaƙe ƙashin da ya matse hanya. Da aka gwada ta da aikin da aka saba, waɗanda aka yi wa leza sun fi komawa ɗakin tiyata karo na biyu. Sau da yawa kuma abin da ɗan kamasho ke kira leza, aikin kyamara ne kawai aka sa masa suna mai ƙyalli. Shi kuma bai duba ƙafarka ba, bai buga maka guduma a gwiwa ba, kasonsa na fita ne in ka hau jirgi. Ba ina cewa babu ƙwararru a Indiya ba, akwai su da yawa. Amma shawarar a yi aiki ko kada a yi, a bakin wanda ya taɓa jikinka ya kamata ta fito. Ka kuma yi tunanin bayan aiki: in rauni ya fara ruwa a mako na biyu kana Kaduna, wa zai karɓe ka?

To wa aikin ya dace da shi? Na farko, mai ciwon ƙafa mai tsanani daga dannewar jijiya, wanda ya yi mako 6 zuwa 12 yana magani da motsa jiki babu sauƙi, kuma hotonsa ya dace da ciwonsa. Muna jiran waɗannan makonni ne don yawancin masu wannan ciwo suna warkewa ba tare da wuƙa ba. Jiki da kansa yake cinye guntun da ya fito, kusan biyu cikin uku sukan motse, kuma abin mamaki manyan da suka fashe sosai sun fi saurin motsewa. Wani bincike na 2007, shi ma daga Holan, ya nuna waɗanda aka yi wa aiki da wuri sun fi saurin samun sauƙi, amma bayan shekara su da waɗanda suka jira duk sun haɗu wuri ɗaya. Wato aikin, lokaci yake saya maka. Ga wanda shagonsa ke rufe, iyali na jira, wannan lokaci na da daraja, kuma shi ke da ikon yanke hukunci.

Na biyu, dattijai masu matsewar hanyar jijiya. Su nasu labarin daban ne, kuma a sallah nake gane shi. Mai fashewar faifai ruku'u ke ba shi wahala. Mai matsewar hanya kuwa tsayuwa ce azabarsa: in liman ya ja doguwar sura ƙafafunsa su yi nauyi su mutu, da ya yi ruku'u sai ya ji sanyi, don sunkuyawa na buɗe hanyar. Zai ce maka daga gida zuwa masallaci sai ya zauna sau biyu, amma a kan keke yana iya zuwa Kawo daga Unguwar Sarki bai ji komai ba. Irin wannan ana iya sassaƙe masa ƙashi da igiyar haɗin ƙashi da ta yi kauri ta cikin bututu, tafiyarsa ta ƙaru.

Na uku, wanda ƙashin bayan ne da kansa ya goce gaba yana motsi, ko ya karye, ko wata cuta ta cinye shi. A nan ake sa kusoshi da sanduna na ƙarfe a ɗaure ƙashi biyu su haɗe, kuma shi ma ana iya yi ta ƙananan huji ana kallon na'urar hoto. Amma kada ƙanƙantar tabon ta ruɗe ka, wannan babban aiki ne, haɗewar ƙashi kan ɗauki watanni, sigari na hana ta, kuma gaɓar da ke sama da wadda aka ɗaure za ta ɗauki ƙarin nauyi. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta faɗa tun 2016 cewa kada a ɗaure wa mutum ƙashi don ciwon baya zalla, sai dai a cikin bincike. Idan aka ce za a sa maka ƙarfe, ka nemi a nuna maka a hoto abin da ke motsi.

Akwai kuma inda ba a jira ko kwana ɗaya, ina so kai da duk mai karanta wannan ku riƙe shi. Idan mai ciwon baya ya kasa fitsari ko ya fara zuba ba da saninsa ba, ko bayan gida ya kufce masa, ko ya ji gabansa da tsakanin cinyoyinsa sun mutu har ba ya jin ruwa lokacin tsarki, ko ƙafafu biyu suka fara raunana, a kai shi babban asibiti a ranar. Babban guntu ne ya danne dukkan jijiyoyin ƙasa. Ba na manta wani matashi mai ɗaukar kaya da aka kawo mana bayan kwana shida ana masa gashi da ɗori a gida, saboda kunya ta hana shi faɗa wa yayansa cewa fitsari ya tsaya. Mun yi aikin, ƙafafun sun dawo, mafitsarar ba ta dawo daidai ba. Haka ma ƙafar da ta fara jan ƙasa, silifa na zamewa mutum bai sani ba, ba ta son jinkiri.

A yankinmu akwai wani abin da dole in cire kafin in ɗora laifi kan faifai: tarin fuka na ƙashin baya. Yana zuwa da ciwon da ba ya lafawa ko an kwanta, zazzaɓi da zufa cikin dare, rama, daga baya ƙusumbi ya ɓullo. Maganinsa ƙwayoyi ne na kusan shekara guda, kyauta ake ba da su a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati, kuma da yawa ba sa buƙatar aiki in an kama da wuri. Namijin da ya haura 50 mukan duba masa ƙullin da ke ƙasan mafitsara (prostate) saboda dajin da ke bazuwa ƙashi, mace kuma mama. Mai sikila shi ma nasa lissafin daban.

Na san tsoron da ke zuciyar kowa shi ne aikin baya na gurgunta mutum. Lakar kanta a wajen L1 zuwa L2 take ƙarewa, ƙasa da nan zare-zaren jijiyoyi ne kamar jelar doki, don haka aiki a L4/L5 nesa yake da laka, shanyewar ƙafafu daga gare shi abu ne mai wuyar aukuwa. Haɗarin da aka fi gani su ne yagewar rigar da ta lulluɓe jijiyoyi har ruwa ya ɗiga, ƙwayar cuta ta shiga faifai, mutuwar fata da kan daɗe ba ta tafi ba, da kuma sake fashewar faifan a wuri ɗaya, wanda ke samun kamar mutum 5 zuwa 15 cikin 100, ko ta wace ƙofa aka shiga. Tsagar da ke gefen faifai tana nan bayan aiki, sai ta warke da kanta. Shi ya sa "ka tashi da yamma" gaskiya ce rabi. Za ka tashi, amma mako shida ba ɗaga bandir, ba hawa acaɓa a hanya mai gargada, sallah a zaune na ɗan lokaci, wadda shari'a ta sauƙaƙa. Mai aikin ofis kan koma cikin mako 2 zuwa 4, mai aikin ƙarfi sai ya kai wata biyu ko uku.

Idan kuwa amsarka ita ce ciwon a kwankwaso ya tsaya, to kana cikin mafi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 na da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma kusan 9 cikin 10 ba a samun wani abu guda da za a nuna a ce ga shi a yanke. Maganinsa ba ya da ban sha'awa amma yana aiki: likitan fisiyo ya koya maka atisayen ƙarfafa tsokar ciki da ta baya, ka riƙa yi kullum kamar cin abinci, ba gashi da fitila kaɗai ba. Tafiyar ƙafa ta rabin awa bayan asuba. In akwai tumbi a rage. A shago kada ka yi awa guda a kan benci ba ka miƙe ba, in za ka ɗauki kaya ka durƙusa da gwiwa ka rungumo shi jikinka. Kwanciya kwana da kwanaki ƙara ciwon take yi. Basir kuma a dubura yake, ba ya hawa gadon baya, ka huta da kashe kuɗi a kansa. Ka yi hattara da haɗin kemis na ƙwaya huɗu ko biyar a leda: diklofenak na kullum na cin ciki da ƙoda, tiramadol na kama mutum, kuma sau da yawa akwai ƙwayar da ke kumbura fuska, ta tayar da suga, ta rarake ƙashi.

Abin da zan ce ka yi a watan nan: ka nemi ganin likitan ƙashi ko likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da laka. Kana iya farawa daga Barau Dikko ko Asibitin Sojoji na 44 a nan cikin gari, in da buƙata su tura ka Shika ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Duk wanda ya ce aiki, a gida ko a waje, ka tambaye shi wace jijiya ce a danne, ciwon ƙafa zai cire ko na baya, sau nawa ya yi irin wannan aikin da hannunsa, me zai faru in ka jira wata uku, kuma a rubuta maka kuɗin gaba ɗaya har da na ƙarfe in akwai. Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. In za ka je, ka tafi da hoton kansa, fim ɗin ko faifan kwamfuta, takardar rahoto kaɗai ba ta isa ba. Ka haɗa da ledar duk magungunan da kake sha, har na gargajiya, ka kuma sa wando mai sauƙin naɗewa, don sai an ga ƙafar, an sa ka taka a kan dunduniya da kan yatsu.